Labrador ko Golden: Abin da Za a Auna Kafin a Biya Kuɗin Kwikwiyo

Wanda yake neman karen gadi, wanda zai tsaya a ƙofa ya hana baƙo shigowa, ya cire waɗannan karnuka biyu daga lissafinsa tun yanzu. Labrador da Golden Retriever duk aiki ɗaya aka raine su a kansa a Birtaniya: mafarauci ya harbo agwagwa ta faɗa ruwa ko cikin ciyawa, kare ya je ya ɗauko ta a baki ya kawo ba tare da haƙorinsa ya huda ta ba. Karen da aka yi fiye da shekara ɗari ana tace irinsa domin ya zauna shiru a tsakiyar mutane da sauran karnuka ba ya zargin kowa. Yana iya yin haushi idan an ƙwanƙwasa ƙofa, amma da zarar baƙon ya shigo sai ya tarbe shi yana kaɗa wutsiya, wani lokaci ma da takalmin maigida a bakinsa.

Asalin Labrador karen masunta ne a tsibirin Newfoundland na Kanada, inda yake taya su jawo igiya da taru daga ruwan sanyi, kafin a kai shi Ingila a ƙarni na 19, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar kuma ta amince da shi a 1903. Shi kuwa Golden a Sikotland aka fara shi, a gonar Guisachan, inda Lord Tweedmouth ya haɗa wani kare mai launin rawaya da wata karya ta irin karnukan ruwa a 1868. A Amurka Labrador ya yi shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021, yana kan gaba a rajistar karnuka, kuma wannan farin jini ne ya jawo masu hayayyafa shi don kuɗi kawai, ba tare da duba lafiya ko hali ba.

A hali, bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Labrador ya fi rawar kai da ƙarfin jiki, namijinsa yakan kai kilo 29 zuwa 36, kuma idan murna ta kama shi yana iya ture ƙaramin yaro ba da mugun nufi ba. Golden ya fi taushin zuciya da son a yi ta shafa shi, tsawa ɗaya takan sa ya tsugunna ya sha jinin jikinsa har tsawon yini. Dukansu suna daɗewa ba su bar ƙuruciya ba, sai sun kai shekara 2 ko 3 kafin hankalinsu ya zauna, kuma babu wanda yake jure kaɗaici a cikinsu. Wannan ya shafi gidajenmu kai tsaye, domin akasari kare ba ya shiga ɗaki, wasu saboda tsarki wasu saboda al'ada. Ajiye shi a tsakar gida ba laifi ba ne matuƙar yana da inuwa yana kuma ganin mutane suna kai da komo, amma ɗaure shi da sarƙa a bayan gida daga safe zuwa dare shi ne hanya mafi sauri ta mayar da shi mai haƙa rami, mai tauna tiyo, mai kuka da tsakar dare.

A ganina, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga wane tsatso kwikwiyon ya fito. Kowane daga cikin nau'o'in biyu ya rabu gida biyu: akwai tsatson aiki, wanda har yau ake farauta da shi, siriri ne, mai zafin nama, ba ya gajiya, akwai kuma tsatson baje koli, wato wanda ake kaiwa gasar nuna kyan karnuka, mai faɗin kai da kaurin jiki, wanda ya fi natsuwa. Golden na tsatson aiki zai fi Labrador na baje koli wahalar riƙewa nesa ba kusa ba. Ma'aikacin da yake fita da sassafe ya dawo bayan magariba, idan ya ɗauki tsatson aiki don kawai kwikwiyon ya yi masa kyau a hoto, zai gane kurensa kafin wata shida.

Babban kare daga kowane ɓangare yana buƙatar aƙalla awa ɗaya na motsa jiki kullum, na tsatson aiki kuwa har awa biyu ba ta yi masa yawa ba. Tafiya a igiya kaɗai ba ta ƙosar da shi. Abin da yake gajiyar da shi shi ne a jefa ƙwallo ya ɗauko, a ɓoye wani abu ya nemo da hanci, ko ya samu ruwa mai tsabta ya yi iyo. Kwikwiyo dai ba a sa shi dogon gudu ko yawan tsalle, saboda gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba sai bayan shekara guda.

Horo yana da sauƙi a kan dukansu, shi ya sa ake amfani da su wajen yi wa makafi jagora. Minti biyar zuwa goma sau biyu ko uku a rana, da ɗan guntun nama a hannu, ya isa a koya masa zama, dawowa idan an kira, da sakin abin da ya ɗauka. Duka ba ya haifar da komai sai tsoro, musamman ga Golden. Labrador kuwa cikinsa ne linzaminsa, kuma nan ne hatsarin yake: binciken Jami'ar Kambirij a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na wannan nau'in suna da wani canji a ƙwayar halitta da ke hana su jin ƙoshi. Dole a auna masa abinci, a kuma hana yara zuba masa ragowar tuwo don ya kafe su da ido.

Zafi shi ne inda ma'auni yake karkata. Dukansu gashinsu ninki biyu ne, na ƙasashen sanyi, amma na Labrador gajere ne, na Golden dogo mai buƙatar tajewa sau da yawa a mako, kuma kaska da ƙarangiya suna samun maɓoya a cikinsa. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafin Afrilu yake haura digiri 40, fita sai bayan asuba ko bayan faɗuwar rana, kuma idan tafin hannunka bai iya jure kwalta ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Aske gashin ba mafita ba ne, domin yana kare fatar daga rana.

Wajen mai sayarwa, a nemi ganin uwar kwikwiyon da ido, a lura ko tana zuwa wurin baƙo cikin sakin jiki. A tambayi ko an ɗauki hoton ƙashin kwatangwalon iyayen, domin gocewar wannan gaɓa gado ce a nau'o'in biyu, a kuma tambayi abin da ya kashe kakannin Golden, tunda cutar daji ta yi yawa a cikinsu. Kada a karɓi kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, ko wanda ba shi da katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi. Allurar haukan kare kuma ana yin ta ne idan ya kai wata uku. Tsawon rayuwarsu shekara 10 zuwa 12 ne, don haka kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe. Ga gida mai yara, a gari mai zafi, kuma karon farko ke nan da za a riƙe kare, ni Labrador na tsatson baje koli zan ɗauka, kuma mai launin rawaya, domin baƙi ya fi jin rana.