Motar Tafi-da-gidanka a Duwatsun Amurka: Wace Za Ka Ɗauka, Ta Ina Za Ka Bi?

Duk wanda ke shirin haya ko sayen motar tafi-da-gidanka, wato motar da ke da wurin kwana da na girki a cikinta, don zaga gandun dajin da ke kan duwatsun yammacin Amurka, akwai lambobi huɗu da ya kamata ya rubuta ya manna kusa da sitiyari tun bai biya ko dala ɗaya ba: tsawon motar daga bamba zuwa bamba, faɗinta har da madubai, tsayinta har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, da nauyinta bayan an cika tankunan ruwa an loda kaya. Dillali zai nuna maka faɗin gado da girman firji da kyan banɗaki. Hanyar dutse kuwa ba ruwanta da waɗannan. Shawarata ita ce ka fara zaɓen hanya, sannan ka nemi motar da hanyar za ta karɓa.

Motocin rukuni uku ne a kasuwar Amurka. Rukunin A su ne manya masu siffar bas, tsawonsu daga wajen ƙafa 26 har zuwa 45, faɗinsu yakan kai ƙafa takwas da rabi, tsayinsu kuma ƙafa 12 zuwa 13 da ɗoriya. Rukunin C su ne masu ɗan ɗakin kwana da ya leƙo a saman kan direba, yawancinsu tsakanin ƙafa 22 da 33. Rukunin B ƙananan ne, ba su cika wuce ƙafa 24 ba, kuma suna shiga kusan duk inda motar yau da kullum ke shiga. Idan iyali ne mai yara, kowa rukunin A yake hange, kuma da gaskiyarsa: akwai wurin girki sosai, akwai wurin miƙe ƙafa, babu mai kwana a kan wani. Sai dai yawancin hanyoyin da suka sa ake zuwa waɗannan gandun dajin an fasa su ne a shekarun 1920 da 1930, lokacin da babu wanda ya yi tunanin za a zo da gida sukutum a kan taya.

Ɗauki gandun dajin Glacier da ke jihar Montana. Abin da ke kai mutane can shi ne hanyar Going-to-the-Sun, mai tsawon mil 50, wadda aka buɗe a hukumance a 1933, tana ƙetare duwatsu ta mashigin Logan mai tsayin ƙafa 6,646 daga doron teku. Doka ta hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo, ko ƙafa 8 a faɗi har da madubai, bin tsakiyar hanyar, wato tsakanin Avalanche da Rising Sun. Mai tsayin da ya wuce ƙafa 10 ma zai iya gogar duwatsun da suka rankwafo a gefen yamma. Ka ga ke nan rukunin A duk an sallame su, haka ma kusan duk rukunin C, har da wasu dogayen rukunin B. Mai babbar mota da ke son ƙetarawa daga yamma zuwa gabas sai ya zaga ta babbar hanya mai lamba 2, ta mashigin Marias, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hanya ce mai kyan gani, amma ba ita ce wadda ka gani a hotuna ba.

Haka labarin yake a wurare da dama, kowanne da nasa ma'auni. A Sequoia ta Kalifoniya hukumar gandun ba ta son motar da ta wuce ƙafa 22 ta bi lanƙwashe-lanƙwashen hanyar Generals daga Potwisha zuwa wurin manyan itatuwan gandun, don haka babbar mota sai ta shigo ta arewa, ta hanya mai lamba 180. A Grand Teton an hana irin waɗannan motoci bin hanyar Moose-Wilson. A Zion ta jihar Utah akwai hanyar da aka huda cikin dutse tun 1930, tsawonta mil ɗaya da 'yan kai. Shekara da shekaru sai an tsayar da masu tahowa daga ɗaya gefen kafin babbar mota ta ratsa ta tsakiya, sannan a 2024 hukumar ta sanar da cewa daga 2026 za a hana motocin da suka wuce ƙafa 7 da inci 10 a faɗi, ko ƙafa 11 da inci 4 a tsayi, bin hanyar gaba ɗaya. Wannan ma'aunin ya kama kusan kowace babbar mota.

To, mene ne mafita? Zaɓi uku ne a gabanka.

Na farko, babbar mota ita kaɗai. Wannan ne na fi jin tsoro wa wanda bai saba ba. Za ka ji daɗin dare, ka sha wuyar rana. Ko a hanyoyin da doka ta bar ka, wurin ajiye mota a bakin wuraren kallo yana cika tun hantsi a watannin Yuli da Agusta, kuma 'yan guraben dogayen motoci su ne ke fara cika. Kullum da safe sai ka cire wayar wuta da mesar ruwa, ka ɗaure duk abin da zai iya faɗuwa, don kawai ka je ka ga tafki mai nisan mil goma. Zai yiwu ne kawai idan ka dogara da motocin jigilar baƙi, kamar waɗanda ke aiki a Zion da Glacier da yankin Bear Lake na gandun Rocky Mountain da ke jihar Kolorado. Yellowstone kuwa, mai zagayen hanya na mil 142, ba ta da irin wannan jigila ta hukuma.

Na biyu, babbar mota tana jan ƙaramar mota a baya. Ga wanda ya mallaki tasa kuma zai yi makonni a hanya, wannan ne ya fi. Ka kafa babbar a zango a gindin dutse, ta zama gida, ka hau sama da ƙaramar. Going-to-the-Sun ta buɗe maka, tsohuwar hanyar Fall River ta Kolorado da ta hana motocin da suka wuce ƙafa 25 ita ma ta buɗe. Amma da sharuɗɗa. Ba kowace ƙaramar mota ake ja da tayoyinta huɗu a ƙasa ba tare da giyarta ta lalace ba, sai ka duba littafin da ya zo da ita. Tana buƙatar nata birkin da ke kamawa tare da na babbar. Kuma ba a yin ribas da ita a haɗe, don haka idan ka shiga hanyar da ba ta ɓullewa, sai ka sauka ka kwance. Wanda haya ya yi kuma, sau da yawa kamfani ba zai yarda ya ja mota ba. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ɗauki hayar ƙaramar mota ta kwana biyu ko uku a garin da ke bakin gandun, kamar Jackson ko Kalispell.

Na uku, ka rage buri ka ɗauki matsakaiciya, rukunin C mai ƙafa 24 ko 25. Ga baƙon da zai sauka daga jirgi ya yi mako biyu ko uku, ni wannan nake ba shi shawara. Za a matsu kaɗan, gado ɗaya zai zama teburin cin abinci da rana. A madadin haka, yawancin zangunan da ke cikin gandun daji za su karɓe ka, za ka samu wurin tsayawa a gefen hanya, kuma lanƙwasa ba za ta sa ka ci layin masu tahowa ba. Duk da haka ka tuna, ita ma ba za ta hau mashigin Logan ba.

Yanzu batun da aka fi rainawa, wato inji da birki. Injin fetur marar na'urar cusa iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da aka hau, saboda iska tana sirancewa. Hanyar Trail Ridge, wadda ta haɗa Estes Park da Grand Lake a gandun Rocky Mountain, tana kaiwa ƙafa 12,183. A can motarka ta zubar da kusan sulusin ƙarfinta, alhali nauyinta yana nan yadda yake. Injin dizal mai na'urar cusa iska ba ya rasa kamar haka, shi ya sa masu yawan bin duwatsu ke biyan tsadarsa. Amma hawa ba shi ne abin tsoro ba, don iyakarsa ka yi ta rarrafe a layin dama kana lura da zafin inji, ka ba na bayanka hanya a duk inda aka tanadi wurin ratsewa. Gangara ce ke kashe mutane. Idan ka ɗora ƙafa a kan birki ka bar ta mil bayan mil, birkin yana zafi har ya daina kamawa, kuma ba ya yin sallama kafin ya tafi. Ƙa'idar direbobin manyan motoci ita ce a sauko da giyar da aka hau da ita, ko wadda ta fi ta ƙasa, a sa giyar tun kafin gangarar ta fara, a bar inji ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, a rage gudun sosai, a saki ya huce. Manyan motocin dizal galibi suna da birkin inji, kuma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya cancanci ƙarin kuɗi ga mai sayen rukunin A don hawan dutse, shi zan nuna, ba girman talabijin ba. Ka tambayi dillali kai tsaye ko motar tana da shi, ka kuma gwada shi kafin ka bar harabar.

Wannan ne ya sa ƙofar da ka shigo ta cikinta take da muhimmanci kamar gandun kansa. Mashigin Teton, tsakanin jihar Idaho da garin Jackson, yana da gangara mai kashi 10 cikin 100, wato saukar ƙafa 10 a duk tafiyar ƙafa 100. Na'urar nuna hanya ta waya za ta kai ka can don ya fi kusa, alhali hanyar da ta bi kwarin kogin Snake daga garin Alpine ta fi dacewa da babbar mota. Mai tahowa Yellowstone daga gabas zai ƙetare duwatsun Bighorn: hanya mai lamba 14A tana da tsananin gangara, mai lamba 16 ta fi sassauci. Hanyar Beartooth da ke kaiwa ƙafa 10,947 a arewa maso gabashin Yellowstone tana cikin mafi kyau a ƙasar, amma ta ƙaramar mota ce. Ƙofar yamma, ta garin West Yellowstone, ita ce mafi sauƙi. Akwai na'urorin nuna hanya na musamman, irin na Garmin, da ake shigar musu da tsayi da nauyin mota su kauce wa abin da bai dace ba. Suna taimakawa, amma shafin hukumar kowane gandu ne ke da magana ta ƙarshe, musamman da yake dusar ƙanƙara na rufe hanyoyin. Trail Ridge takan buɗe a ƙarshen Mayu ta rufe a Oktoba, Going-to-the-Sun kuwa ba ta cika buɗewa gaba ɗaya ba sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli.

Sai wurin kwana. Zangunan cikin gandu sun fi araha, kuma babu abin da ya kai ka wayi gari a tsakiyar daji tun jama'a ba su iso ba. Sai dai yawancinsu ba su da wuta da ruwa a kowane gurbi, janareta ma sa'o'i ƙayyadaddu ake barin kunna shi. A duk faɗin Yellowstone zangon Fishing Bridge ne kaɗai ke da wuta da ruwa da magudanar ruwan datti a gurbi, kuma ba a karɓar tanti ko mota mai bangon tamfol a can saboda dabbar beyar. Grand Teton tana da irinsa a Colter Bay. Glacier ba ta da ko ɗaya. Guraben da ke ɗaukar ƙafa 35 zuwa 40 kaɗan ne a ko'ina, kuma yawancin zangunan ana buɗe rajistarsu wata shida kafin lokaci a shafin Recreation.gov, wasu su ƙare cikin mintuna. Zangunan 'yan kasuwa da ke wajen ƙofa sun fi tsada, amma an gina su ne don manyan motoci. Mai rukunin A ya gina shirinsa a kansu, in ya samu gurbi a ciki ya ɗauke shi ƙari.

Idan ka haɗa duk waɗannan, zagayen da ya fi karɓar babbar mota shi ne na arewa: Grand Teton, sai Yellowstone da ke manne da ita, sai tafiyar kusan mil 400 zuwa Glacier, inda za ka ajiye motar ka hau da wata. Kolorado ta fi buƙatar gogaggen direba, kuma tsayinta yana taɓa jikin mutum da ciwon kai da haki, don haka a kwana ɗaya ko biyu a Denver ko Estes Park kafin a hau sama. Zagayen Sequoia da Zion ya fi dacewa da ƙarama.

A lissafin kuɗi kada ka tsaya kan farashin haya na kwana. Babbar mota tana yin mil 6 zuwa 10 ne da galan ɗaya, a dutse ma ƙasa da haka, kuma kamfanonin haya da yawa suna cajin kowane mil da kowace sa'ar janareta. Katin shiga gandun dajin ƙasa na shekara dala 80 ne ga mazauna Amurka, amma daga Janairun 2026 an mayar da na waɗanda ba mazauna ƙasar ba dala 250, wanda ba shi da katin a cikinsu kuma zai biya ƙarin dala 100 kan kowane babban mutum a manyan gandun daji 11, ciki har da Yellowstone da Glacier da Grand Teton da Zion. Ga iyalin da zai ziyarci gandu biyu ko uku, katin shekarar ya fi sauƙi. Mai sayen mota mai nauyin da ya haura fam 26,000 kuma ya bincika dokar jiharsa, don wasu jihohi irin su Texas suna neman lasisi na daban a kanta.