Gwajin jinin mabiyiya da aka min sau uku a cikin autana

Ƴan uwa masu juna biyu, musamman waɗanda hawan jini ke bibiya, bari in ba ku labarin gwajin jinin nan da ake ce ma sFlt-1/PlGF, wanda ake yi don a gano ko ciwon hawan jinin ciki mai kai mace ga jijjiga (pre-eclampsia) na tafe, don ni dai har sau uku aka min shi a nan Ingila inda muke zaune da maigida.

Ina sati 31 na je awo, ƙafa ta kumbura silifas ma baya shiga, zobe kuwa sai da na sa sabulu ya fita, nas ta auna jinina ta ga 146/94, ta sake aunawa kusan duk ɗaya. Wallahi take gabana ya faɗi, don yayata jijjiga ce ta kama ta a haihuwar fari can gida, ina tsaye ana danne ta tana taune harshe, har yau in na tuna sai jikina ya mutu. Na riga na saddaƙar kwantar da ni za a yi, ina ta tunanin wa zai ɗauko yara daga makaranta, sai likita ta ce a ɗebi jini tukuna.

Yadda ta min bayani, wai ciwon daga mabiyiya yake tasowa. Akwai sinadarin da take fitarwa, PlGF, shi ke taimaka ma jijiyoyin jini su tsiro su buɗe. To in jini baya isar mabiyiyar yadda ya kamata sai ta dinga ambaliyar wani kuma, sFlt-1, shi aikinsa ya bi ya cafke na farkon kamar soso na tsotse ruwa, daga nan jijiyoyin uwa su takura, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari. Gwajin yana duba wanne ya rinjayi wani ne. In lambar da gwajin ya bayar ba ta wuce 38 ba, da wuya ciwon ya taso cikin sati ɗaya, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna sama da kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan matan lafiya suka ƙare satin.

Tawa 19 ta fito, aka sallame ni da magani da na'urar awon jini. Daren nan na yi baccin da na daɗe ban yi ba, a nan kam gwajin ya biya ni.

Amma fa ina da ƙorafi. Wuni guda na yi kan kujera ina jiran sakamako, ba wanda ya ce min kanzil, ga yunwa ga ciwon baya. Sannan kwanciyar hankalin ta sati ɗaya ce tak, ni da na ɗauka shikenan na tsallake. A sati 33 lambar ta koma 57, wato tsaka-tsaki, ba a ce kina da shi ba ba a ce babu ba, wannan zaman zullumin ya fi komai cin rai, kwana biyu-biyu ina hanyar asibiti. A sati 35 ta haura 110, furotin ya bayyana a fitsari, ga ciwon kai da wani walƙiya-walƙiya a ido, ranar ba gardama aka ba ni gado. Kuma kar wata ta ɗauka gwajin magani ne, labetalol ɗina na hawan jini ban fasa sha ba ko sau ɗaya, awon jini safe da yamma.

Da na cika sati 37 aka tayar min da naƙuda, yarinya ta zo lafiya Alhamdulillah, ƴar mitsitsiya da ita. Da mabiyiyar ta faɗo na ce ma ungozoma don Allah ta miƙo min in gani, ta kawo ta cikin ɗan kwanon silba tana dariya, ni kuma ina kallonta ina cewa ashe ke ce kika hana ni sakat wata ɗaya da rabi.