Yadda suka kula da sukarin Baba a asibiti

Ciwon huhu ne ya kwantar da Baba a wani asibitin kuɗi a Kano, sai sukarinsa ya haura 300. Likitar ta dakatar da metformin, ƙwayar maganin ciwon sukari, ta koma allurar insulin, ta ce so ake ya tsaya tsakanin 140 da 180. Ma'aikatan rana sun burge ni, kafin kowane abinci sai sun huda masa yatsa sun rubuta. Wata nas ma ta janye kunun da Inna ta zuba wa sukari, tana dariya: "Hajiya, a yi haƙuri."

Da dare kuwa sai a hankali. An yi masa allura, abinci bai iso ba, ya dinga gumi yana karkarwa, alamar sukari ya yi ƙasa, har sai da na taso nas. Tsinken gwajin ma mu muke saya.