Wata huɗu da kyamarar tarko a gonar Kawu

Tun kakar bara Kawu yake kukan wani abu na ɗibar masa kaji da 'yan akuyoyi a gonarsa da ke bayan Ningi, inda dutse ya gangaro ya haɗu da rafi. Shi ya rantse kura ce. Yara masu kiwo suka ce damisa, don dai labarin ya fi armashi. Ni kuwa da nake ɗan taɓa harkar hoto, na daɗe ina kwaɗayin hoton naman daji da dare, sai na yi odar kyamarar tarko ta intanet, irin wadda ake ɗaure wa a jikin bishiya a tafi a bar ta.

Ba ta fi tafin hannu da kaɗan ba, tana cin batir takwas irin na tocila ƙarama, da katin ajiya guda. A gabanta akwai wani ɗan ido mai jin zafin jiki idan ya gilma, shi ke tada ta. Da rana hoto mai launi take yi. Da dare kuwa ta kunna fitilunta na infrared, masu hasken da kyamara ke gani da shi amma ba ya haska wa idon mutum wuri, ta ɗauki baƙi da fari. Fitilun iri biyu ne a kasuwa: masu lamba 850 suna ɗan yin ja kamar garwashi, masu 940 kuwa ido ba ya ganinsu sam. Na ɗauki ta 940 saboda tsoron masu dogon hannu, kuma na biya kuɗin wannan zaɓi, don haskenta bai kai na ɗayar nisa ba. Abin da ya wuce taku goma sha biyar, sai dai ka ga idanu biyu farare suna iyo cikin duhu.

Makon farko laifina ne. Na ɗaure ta daidai ƙirjina, tana kallon gabas, ga busasshiyar gamba a gabanta. Da na ciro katin na tarar da ɗaruruwan hotuna na ciyawa da iskar hunturu ke kaɗawa, sai fitowar rana, sai ƙeyar wani jaki. Kawu ya leƙa fuskar wayata ya ce, "To, ɗana, jakin ne ke cin kajin ke nan?" Na sauke ta zuwa gwiwa, na juya ta arewa, na sa lauje na share gabanta. Na kuma karkata ta yadda dabba za ta taho tana tunkarar ta a kaikaice, don idan ta gicciye hanya kai tsaye, kafin kyamarar ta farka sai wutsiya kawai za ka samu.

A dare na goma sha ɗaya, ƙarfe biyu da minti arba'in kamar yadda agogon da ke ƙasan hoton ya nuna, sai ga mutumin. Dila ne, malamin daji, su biyu ma. Na gaba ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, kunnuwa a miƙe, yana shaƙar iska wajen akurki. Wannan hoton kaɗai ne ya fito tas, kuma don ya tsaya ne. Sauran duk kamar an shafa gawayi da yatsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan haske ya yi ƙaranci dole kyamara ta bar ƙofarta a buɗe ta ɗan jima, kuma duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokaci sai ya ja zare. Daga baya na koma bidiyo na daƙiƙa goma, ya fi nuna tafiyar dabba da siffarta, sai dai yana shan batir kamar me.

Batun yawan megafiksal, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, da aka rubuta da manyan lambobi a kwalinta, kada ya ruɗi kowa. Da na buɗe hoton dilan a kwamfuta na matso da shi, gashin bayansa ya narke ya zama dusa. A waya dai ba laifi.

Abin da ban zata ba shi ne yadda zafi ke dakushe ta. A sanyin Disamba da Janairu ko ɓera ya wuce sai ta kama shi. Da bazara ta kama a Maris, duwatsun nan suna fitar da zafin rana har bayan isha'i, sai ta fara kuskure. Idon nata bambanci yake nema tsakanin jikin dabba da abin da ke bayanta, to idan dutse da dila sun kusa zama ɗaya a zafi, sai a wayi gari ga sawu a ƙasa, kati kuwa wayam. Ƙurar hunturu ma sai an riƙa goge gilashin duk zuwa.

Wanda ke son hoton da zai rataya a falo, ba wannan ce kayan aikinsa ba. Mai gona ko makiyayi da ke son sanin wa ke zuwa, ƙarfe nawa, ta wace hanya, ta ishe shi har da ragi. Kawu ya ga dilolin ta ƙarƙashin darni suke kutsawa, ta gefen rafi, ya toshe wurin da ƙaya da duwatsu, ya ɗaga akurkin. Amma har yau bai janye maganar kura ba. Cewa ya yi kura ga tsoro ga ban tsoro, ta shinshino akwatin ne ta sake hanya. Na bar masa kyamarar zuwa damina, da sharaɗin ya hana yara tsayawa gabanta suna yi mata gwalo.