Zaɓen lasifika a Sakkwato: ƙaho, akwati, ta bango ko mai batir?

Mafi yawan masu shiga Babbar Kasuwar Sakkwato neman lasifika, ko ta masallaci ce ko ta Islamiyya ko ta hayar biki, tambaya ɗaya suke yi: wat nawa ce? Mai shago ya murɗe ƙara har ƙarshe, bas ya daki ƙirji, a gama ciniki. Sai an kafa ta a tarar liman yana karatu, sahun baya ba sa rarrabe sin da sadi. Abubuwa biyu ya kamata a auna, kuma ba a rubuta ko ɗayansu a jikin kwali.

Na farko shi ne launin amo. Mai algaita da mai sarewa su busa sauti ɗaya, tsayi ɗaya, ƙarfi ɗaya, ba wanda zai kasa bambance su. Dalili kuwa, kowane sauti yana da tushe, sannan akwai ƙananan sautuka da ke hawa a kansa, ninki biyu, ninki uku, har sama. Muryar namiji mai tushe a Hz 120, wato girgiza 120 a sakan ɗaya, tana ɗauke da 240 da 360 da 480 da na gaba, kuma yadda ƙarfinsu ya rarrabu shi ke sa ka shaida muryar limaminku tun kana ƙofar gida. Farkon sauti ma yana cikin lissafi, wato ɗan tas ɗin da makaɗi ke yi a fatar kalangu kafin amon ya biyo. Kaurin murya yana ƙasa, tsakanin Hz 100 da 300. Abin da ke fayyace baƙaƙe kuwa, ya raba ƙ da k, ya raba ts da s, yana can wajen 2,000 zuwa 4,000 da abin da ya ɗara. Lasifikar da ta danne wannan yanki za ta yi ƙara amma ba a gane magana, wadda ta cika shi da yawa kuma tana sukar kunne.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin sassauta murya da ɗaga ta. Alaramma a tahajjud yakan sauke murya har ta kusa zama raɗa, sannan ya ɗaga a ayar da ke gaba. Na'ura mai kyau tana bin sa a duka biyun: a ƙasa ba huci ko gurnanin wuta da zai rufe shi, a sama ba ta shaƙewa. Ana auna wannan da disibel (dB), ma'aunin ƙarfin sauti, kuma lissafinsa yana da tsada. Ƙarin dB 3 kacal yana buƙatar ninka wat sau biyu. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan dB 10, wato wat ninki goma. Tsinin maganar mutum yakan zarce matsakaicinta da kimanin dB 12, ninki 16 ke nan. Idan matsakaicin karatu yana cin wat 10, lokacin da aka ɗaga murya ana neman wajen wat 160 na ɗan ƙiftawar ido. Amfilifayar da ba ta da wannan rara sai ta datse kan sautin, muryar ta fashe ta yi kaushi, ƙarfin da ya wuce kima ya kwarara zuwa tiwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siraran sautuka, siririyar wayar cikinta ta yi zafi ta ƙone. Shi ya sa ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa takan kashe tiwita kamar yadda babba ke yi. A nan ne abubuwan biyu suke haɗuwa: da zarar rara ta ƙare, launin amo ya lalace.

Lasifikar ƙaho, wadda ake ɗaurawa a hasumiya, irin ta kamfanin Ahuja ko TOA, ba ta da na biyu wajen kai murya nesa da wuta kaɗan. Da wat 1 takan ba da dB 105 zuwa 110 a tazarar mita 1. A fili, duk ninkin tazara yana cin dB 6. Ƙaho mai dB 107 da aka ba wat 30 yana kaiwa wajen 122 a bakinsa, kuma a mita 64 yana nan da kusan 86. Ga jure rana da ƙurar hunturu. Aibinsa a amo yake. Yawancinsu ba sa fitar da abin kirki ƙasa da Hz 250, a sama kuma sukan tsaya kafin 8,000, don haka murya takan fito siririya kamar ta hanci, tambari ya rasa kaurinsa gaba ɗaya. Don kiran salla da sanarwa ya isa. A shigar da shi cikin masallaci mai tayil da dakali kuskure ne babba, domin amon zai yi ta dukan bango yana dawowa har kalmomi su hau kan juna. A rage bas a layinsa, tunda sautin ƙasa ne ke yaga 'yar fatar da ke cikin kansa. Idan waya za ta wuce mita 50, a sayi mai taransifoma ta layin bolt 100.

Cikin masallaci ko zauren karatu, dogayen lasifikun bango masu jerin ƙananan bakuna na inci 4 ko 5 sun fi dacewa. Suna shimfiɗa sauti a faɗi, ba sa watsa shi sama zuwa rufi. Guda shida a ƙaramar ƙara, kowace kusa da masu sauraronta, sun fi manyan akwatuna biyu da ke ruri daga gaba. Ba su da bas sosai, karatu kuma bai buƙace shi ba.

Akwati mai baki biyu, babba da tiwita, shi ne na walima da wa'azin fili da kiɗa. Mai inci 12 ya fi fitar da tsakiyar murya tsaf, mai inci 15 ya fi cika ƙasan ganga. Wanda aikinsa ya fi karkata ga magana da waƙar baka, ya ɗauki 12 bai yi asara ba. A leƙa tiwitar: mai maganaɗisu da nauyi a bayanta ta fi ƙaramar nan ta roba marar nauyi da ake sa wa akwatuna masu araha, wadda ke mayar da kowane s tsuwwa. Akwati yakan ba da dB 95 zuwa 99 da wat 1, don haka yana neman wuta kusan ninki goma na ƙaho kafin ya kamo shi.

Sai kuma a zaɓa tsakanin mai amfilifaya a cikinsa da wanda ake haɗa wa ta daban. Na farkon ba ya wahalar haɗawa, kuma masu kyau suna da abin da ke tare ƙara kafin ta fashe. Sai dai a watan Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarfen bayansa in yana kallon rana yakan ɗau zafi har ya kashe kansa ana tsakar taro. Mai amfilifaya daban ana iya ajiye ta a inuwa kusa da fanka, kuma in ta lalace akwatin na nan. Ga mai haya da ke yawo ƙauyuka, wannan ya fi kwanciyar hankali. A nemi amfilifaya mai RMS, wato wat na gaskiya da take iya bayarwa ba tsayawa, da ya kai ninki ɗaya da rabi na akwatin, a riƙa lura da jar fitilarta, in ta fara ƙyaftawa a rage. A kiyaye om, ma'aunin yadda akwati ke tare wuta: akwatuna biyu masu om 8 a layi ɗaya sun koma 4, huɗu sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa ɗaukar 2. Waya ta zama tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 2.5.

Mai batir da tayoyi tana da amfani ga aji ɗaya, ko majalisi, ko mai talla. Lambar da ke jikinta ce abin tsoro. Batirin da ke cikin da yawansu mai bolt 12 ne da Ah 7 (ma'aunin wutar da yake ajiyewa), wato duk abin da ya tara bai wuce wat 84 na awa ɗaya ba. Da a ce da gaske tana jan wat 5,000 ɗin da aka rubuta, da minti ɗaya zai ƙare. Irin wannan babbar lamba, da ake kira PMPO, ta talla ce, RMS ake tambaya. Kuma yayin da batir ke sauka rara tana raguwa, shi ya sa take fara kakkaryewa a ƙarshen taro. Zafi yana rage kwanan irin wannan batir ƙwarai, kada a bar ta cikin mota a rufe.

Ranar saye, ka tafi da sautinka a waya: karatun wanda ka san muryarsa sarai, da kiɗan kalangu ko kotso. Kada ya zama saƙon murya na WhatsApp, an riga an matse shi. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a mayar da bas da tirebul tsakiya, a kashe eko." Eko, wato amsa-kuwwar da na'ura ke ƙara wa murya, yana ɓoye aibi. Fara da ƙasa-ƙasa ka ji ko baƙaƙe suna fita, sannan a ɗaga a hankali har inda muryar ta fara sauya kama. Nan ne iyakar na'urar ta gaskiya, ko da maɓallin bai kai rabi ba. Ja baya mita 10, ka koma gefe, ka ji ko hasken muryar ya ɓace. Dakatar da sautin ka kasa kunne, gurnani mai kauri alamar matsalar wuta ce ko waya. A bar ta tana aiki minti 20 ka taɓa bayanta. Ka yi magana da makirufon da za a yi aiki da shi, domin jabun makirufo yana ɓata amo tun kafin ya isa lasifika, kuma a wurin taro ya tsaya a bayan akwatuna don kada su yi kuka. Kafin ka biya, tambayi ko ana samun fatar tiwita da ta ƙaho na wannan samfurin a cikin gari, don su ne ke fara mutuwa.