Shokozoban gaba: a gyara na asali ko a ɗora juyayye?

Ɗan'uwa, ka ce babur ɗinka Boxer yana dunguri da kai duk sanda ka taka birki, kuma in ka faɗa rami tsakanin Aboabo da Tafo a Kumasi sai ka ji ƙwas har cikin kafaɗa. Kana tambaya ko ka gyara shokozoban da babur ya zo da shi, ko ka je Suame Magazine, unguwar makanikai, a ɗora maka juyayyen nan da ake kira USD, mai kauri a sama, siriri a ƙasa.

Na asalin abu biyu ne ke aiki a cikinsa: sifirin da ke ɗaukar nauyi, da man da ke hana shi tsalle. Ƙarar da kake ji alama ce shokozoban yana nutsewa har ƙarshensa, ko dai mai ya zube ko ya tsinke kamar ruwa, ko sifirin ya gaji. Gwada wannan tun kafin ka kashe ko sidi ɗaya: ɗaura zare a jikin siririn bututun shokozoban, ka tura shi ƙasa, ka hau, ka sauka, ka duba inda zaren ya tsaya. Nauyinka kaɗai bai kamata ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsa ba. In ya wuce haka, sifirin ne. In bai wuce ba amma gaban yana lilo, mai ne. A zuba man shokozoba na gaske, mai lamba 10W, ko 15W da ya fi kauri in kana ɗaukar kaya, kuma a auna man ƙafafun shokozoban biyu su zo daidai. Kada ka yarda fita, wato makaniki, ya ɗura maka baƙin man inji da ido kawai, na ga ana yi. Shafa bututun da farce ma, domin in tsatsa ta ci shi, sabon sil, robar da ke hana mai zuba, ba zai yi wata guda ba. A ƙara masa rigar roba saboda ƙurar hunturu.

Juyayye kuwa, gaskiya ya fi ƙarfi. Bai cika lanƙwasa wajen birki ba, kuma yana da kyan gani. Sai dai ba shi kaɗai za ka saya ba. Maƙalar da ke riƙe shi a wuyan babur dole ta canza, sandar tsakiyar taya ma haka, kuma yawancinsu na birkin faifai ne alhali naka na ganga ne, ka ga taya ta shigo lissafi ke nan. In ya fi na asali tsawo, gaba zai ɗaga, kan babur ya yi nauyi a kwana. Abin da ya fi damuna shi ne sil: a juyayye mai yana zaune a samansa, ranar da ya fashe kai tsaye zai gangaro kan birki. Kuma juyayyu masu arha da yawa a waje ne kawai suka bambanta, cikinsu bai fi naka ba.

Da babur ɗin tsere ne ko na shiga daji da sai in ce ka ɗora. Kai da kake jigilar kaya zuwa kasuwar Kejetia, canza mai da sil, ka sa sifirin mai ɗan tauri, sannan ka sa a duba boris ɗin wuya, don shi ma in ya saki irin wannan ƙarar yake yi.