Katolika da Lutheran: Ina Suka Raba Gari Kan Fafaroma?

A wurin Katolika, Fafaroma magajin Manzo Bitrus ne, kuma Almasihu da kansa ya kafa wannan kujera. Hujjarsu Matiyu 16:18. Majalisar Vatican ta farko, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1870, ta ƙara da cewa Fafaroma ba ya kuskure idan ya yanke hukunci kan bangaskiya ko ɗabi'a daga kan kujerarsa, wato a hukumance ga dukan Ikilisiya. Don haka babu cikakken haɗin kan Ikilisiya sai da tarayya da bishop na Roma, wato Fafaroma.

Lutheran, wato mabiya koyarwar Martin Luther, suka ce matsayin nan tsari ne na mutane. Shaidar Bangaskiyarsu ta Augsburg, ta 1530, ta taƙaita sharaɗin haɗin kan Ikilisiya: a yi wa'azin Bishara daidai, a ba da baftisma da Jibin Ubangiji yadda ya kamata, shi ke nan.

A 1999 ɓangarorin biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar barata, wato koyarwa kan yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, amma har yau Katolika ba ta amince da naɗin limaman Lutheran ba, shi ya sa ba sa cin Jibi tare.